Wannan kiɗan kilasikal na zamani, ta ina ake kama shi?

Ɗan Bolari

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana kiɗan kilasikal. Na su Mozart da Beethoven kunnena yana ɗauka, don ko babu waƙa akwai karin da mutum zai bi har ya riƙa gunguninsa. To wani abokina ya turo min na bayan 1900 ta Xender: Atmosphères na Ligeti, Pierrot lunaire na Schoenberg, da wani na Penderecki mai gogunan Turawa 52. Na Ligeti kamar an buɗe amya, can tsakiya ma ya ɗauke ɗif har na zaci fayil ɗin ne ya lalace. Na Schoenberg matar ba waƙa take ba, ba kuma magana take ba. Na ukun ko minti biyu ban kai ba. Akwai ƙa'ida a abin nan, ko kowa abin da ya ga dama yake yi? Da wanne ake farawa? A Gombe nake kuma a waya nake ji, babu zancen zuwa zauren kiɗa.

Malam na Jekadafari

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fayil ɗinka lafiyarsa lau, lasifikar waya ce ta ci amanarka. Wajen minti na huɗu a Atmosphères ƙananan sarewu huɗu suna ta hawa har kunne ya fara tsami, sai a yanke su farat ɗaya a jefa kiɗan can ƙasa wurin manyan gogunan nan da ake kaɗawa a tsaye. Kaurin sautinsu yana kaiwa kaɗawa 40 a daƙiƙa ko ƙasa da haka, ita kuwa lasifikar waya sai abin ya kai ɗaruruwa take iya fitar da shi da kyau. Wato wurin da Ligeti ya haƙa maka rijiya, kai shiru ka ji. Don haka kafin a zo maganar fahimta, gyara kayan ji.

Nemi iyafis mai robar da ke toshe kunne, ko na kasuwa ne ya isa, ka sa kunne biyu. Shiga saitin waya ka tabbatar Mono audio a kashe yake, don in yana kunne hagu da dama sun zama ɗaya, alhali a kiɗan nan inda sauti ya fito ma magana ce. Kashe duk wani abin ƙara bas. In a Spotify kake ji, kashe abin da ke daidaita ƙarar waƙoƙi.

Sai matsalar ƙara, wadda ita ta fi korar mutane. Waƙoƙinmu na situdiyo daga farko har ƙarshe ƙararsu kusan ɗaya ce. Wannan kuwa yana iya farawa kamar numfashin mai barci, ya ƙare kamar aradu. Mutum ya kunna, bai ji komai ba, ya ƙure maɓallin ƙara, bayan minti biyu ya fizge iyafis yana tsaki. Abin da ake yi shi ne ka fara ja gaba ka nemo inda ya fi ƙarfi, ka saita ƙarar a nan daidai yadda kunnenka zai jure, ka dawo farko, kada ka sake taɓawa. In farkon bai fito ba, ɗakin ne ke da hayaniya. Fanka kaɗai ta isa ta cinye shi, balle janaretan maƙwabta. Bayan isha in gari ya lafa, ko da sassafe kafin 'yan acaɓa su fito, su ne lokutan.

Na data kuma: fayil mai 128 kbps yana cin kusan MB 1 a minti, awa guda MB 58. Mai 320 yana cin MB 144 a awa. Ga kiɗa mai cunkoson goguna irin na Ligeti da Penderecki bambancin yana fitowa, ƙaramin fayil yakan mayar da saman sautin kamar ana soya wani abu a mai. In za a turo maka ta WhatsApp, a turo shi a matsayin dokumen.

Da wanne za ka fara? Ni The Unanswered Question na Charles Ives zan ce, na 1908, minti shida ne da 'yan kai. Ka taɓa tsayawa kusa da ƙofar fada ranar hawan sallah? Tawagar wani hakimi tana wucewa da gangunanta da algaita, ta bayanta ta riga ta kunno kai da nata taken, kakaki yana can gefe yana nasa, babu wanda ke jiran wani, amma ba wanda ya taɓa cewa kunnensa ya rikice. Wannan kunnen za ka ɗauko. An ruwaito cewa mahaifin Ives, wanda shugaban 'yan badujala ne a garin Danbury a Amurka, yakan sa ƙungiya biyu su tunkari juna kowacce da kiɗanta don ya ji abin da zai faru. A kiɗan ɗan nasa ƙungiya uku ce. Goguna suna jan sauti a hankali can ƙasa-ƙasa, ba ruwansu da kowa. Begila ɗaya tana jefa tambaya mai sauti biyar, sau bakwai. Sarewu huɗu suna amsawa sau shida, kowace amsa ta fi ta baya gaggawa da fushi, ta shidan ma kamar kwaikwayon tambayar suke da izgili. Tambaya ta bakwai babu mai amsawa. Ji shi sau uku, kowane karo ka bi ƙungiya ɗaya kawai, na huɗu ka sake su duka.

Makaɗin Tudun Wada

Malam ya gama maganar kayan ji. Amma ni da na Ives, gara a shigar da ɗan'uwanmu ta ƙofar da ya riga ya sani, wato bugu. Wanda ya tashi yana jin kalangu da kiɗan ƙwarya ba baƙo ba ne a nan.

Steve Reich ya je Gana a 1970 ya yi makonni biyar yana koyon kiɗan ƙabilar Ewe wurin Gideon Alorwoyie, zazzaɓin cizon sauro ne ya katse masa zaman. Da ya koma ya rubuta Drumming, sannan a 1972 ya yi Clapping Music, wanda ba ya buƙatar komai sai mutum biyu da tafin hannu. Kada ka tsaya a ji, ku yi shi kai da abokin naka. Gurbi 12 ne, tafi 8 da hutu 4, ga jerin: tafi, tafi, tafi, hutu, tafi, tafi, hutu, tafi, hutu, tafi, tafi, hutu. Ku fara tare. Na farko ba ya canzawa har a gama. Na biyu, bayan an maimaita sau 12, sai ya fara jerin daga gurbi na biyu, na farkon ya koma ƙarshe. Bayan wani 12 ɗin ya fara daga na uku. A haka har ya zagayo, a tsalle na 12 ku sake haɗuwa. Don koyo ku rage maimaicin zuwa huɗu, ku rubuta layuka 12 ɗin a takarda.

Wurin da yake ɓaci guda uku ne. Mai tafi na biyu yakan ɗauka ƙara sauri zai yi a hankali, alhali tsalle ne na gurbi ɗaya cak, saurin bai canza ba. Mai tafi na farko yakan bi kunnensa ya zame ya koma kan na biyu, maganinsa ya riƙa taka ƙafa a gurbi na ɗaya kullum. Sannan na biyu yakan riƙa ƙarfafa tafin farko na ukun nan duk inda suka koma, alhali nauyin yana kan farkon layi ne ko da hutu ne ya faɗo wurin. Ranar da kuka yi shi daidai za ku ji wasu kiɗoɗi suna fitowa daga tsakaninku waɗanda babu wanda ke tafa su cikinku.

Daga nan Music for 18 Musicians, shi ma na Reich, na 1976, kusan awa guda. An gina shi a kan dunƙulen sauti 11, wato sautukan da ake kaɗawa lokaci guda, ana jera su a farko, a ɗauki kowanne a shimfiɗa, a sake jera su a ƙarshe. Babu mai sandar da ke jagorantar makaɗa a gaba. Mai kaɗa ƙarafunan nan na bibirafon shi ke ba da alamar a juya, kamar yadda uban kiɗi ke yi wa yaransa. Kasa kunne gare shi, ba za ka ɓata ba.

Sai Stravinsky, The Rite of Spring, wanda aka fara a Faris ranar 29 ga Mayu 1913 zauren ya kaure da hayaniya. Bayan minti uku da wani abu goguna za su fara dukan dunƙulen sauti ɗaya babu fasawa, ƙahoni takwas suna ƙara nauyi a wasu wurare. Ƙirga dukan: nauyin yana raba su 9, 2, 6, 3, 4, 5, 3. Jimilla 32 ne, wanda da an ga dama huɗu-huɗu za a raba shi lafiya lau. Da gangan aka hana ƙafarka samun wurin sauka.

Kada kuma ka ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, ya rasu 2020, shi ya yaɗa ra'ayin a kaɗa piyano kamar ganga, nemi Scenes from Traditional Life. Joshua Uzoigwe yana da Talking Drums, shi ma na piyano. Shi kansa Ligetin, darussan piyanon da ya fara fitarwa a 1985 sun sha daga kiɗan Afirka ta Tsakiya da masanin kiɗa Simha Arom ya naɗo.

Malama 'Yar Kumo

Sannunku da ƙoƙari. Malam Makaɗi, ban ƙi taka ba, sai dai Reich yana da daɗin shiga, mutum yana iya shekara a wurinsa bai matsa ko taku ɗaya zuwa ga abin da ya tambaya ba. Shi ƙanen namu Schoenberg da Penderecki ne suka tsaya masa a wuya, kuma tambayarsa ita ce ko akwai ƙa'ida.

Fara da dalilin da ya sa kunne ke ƙaiƙayi. Sauke manhajar da ke fitar da sauti da lamba, akwai na kyauta da yawa, kana buƙatar wadda ke kunna biyu lokaci guda. Sa 440 da 444. Za ka ji sauti ɗaya yana kumbura yana sacewa sau huɗu a daƙiƙa, wato bambancin lambobin biyu. Mayar da na biyun 466, wanda shi ne maɓallin piyano na kusa da 440. Yanzu kumburin ya zama sau 26, ya yi wa kunne sauri ya ƙirga, sai ya ji shi kamar kaushi. Sa 660, kaushin ya tafi. Abin da ake kira rashin jituwa ke nan, ba wani sihiri. Tsofaffin marubuta kiɗa sukan kawo kaushin ne su warware shi. Na bayan 1900 suka ce shi ma launi ne, yana iya zama abinsa. Mu da muke jin zugar tsirkiyar da ke kan fatar ganga muna cewa kiɗa ya yi armashi, bai kamata wannan ya ba mu tsoro ba.

A piyano, daga maɓalli zuwa takwaransa na sama akwai sauti 12, farare 7 baƙaƙe 5. Kiɗan Mozart yana zaɓar ɗaya ya zama gida, a fita yawo a dawo. Shi kake ji har kake iya gunguni. Schoenberg ya rushe gidan wajen 1908, sannan a farkon shekarun 1920 ya kawo tsari: a jera sautuka 12 ɗin a layi ɗaya ba tare da an maimaita ko ɗaya ba, a riƙa amfani da layin a miƙe, ko daga ƙarshe zuwa farko, ko a kife, inda aka hau a sauka, ko a kife kuma daga ƙarshe. Kowanne ana iya fara shi daga matakai 12, siffa 48 ke nan. To ƙa'ida akwai ta, har ta yi yawa. Amma kada ka zauna kana farautar layin da kunne, aikin mai rubutawa ne, kamar yadda mai sa riga ba ya ƙirga zaren saƙa.

Shi Pierrot lunaire na 1912 ne, ya riga wannan tsarin, mutane suna yawan haɗa su. Waƙoƙi 21 ne, bakwai-bakwai kashi uku, da Jamusanci, makaɗa biyar da murya ɗaya. Umarnin da aka ba mai muryar shi ne ta taɓa sautin da aka rubuta ta sake shi nan take, ta zame sama ko ƙasa. Ka tuna sanƙira in yana kirari, ai shi ma ba waƙa yake ba, ba kuma hira yake ba, yana tsakani. Kuskurenka shi ne jin duka 21 a zama ɗaya ba tare da ka san me ake cewa ba. Nemo fassarar kalmomin, ka ɗauki na 7 kaɗai, wanda sarewa ce da murya kawai, kan watan sama marar lafiya. Sai na 8, na dare, inda komai ya koma ƙasa ya yi duhu. Biyun nan sun ishe ka mako.

In kana son tsarin 12 ɗin da zai shiga zuciya, ɗauki kiɗan goge da ƙungiya na Alban Berg, ɗalibin Schoenberg, na 1935. Ya rubuta shi ne don tunawa da Manon Gropius, yarinyar da ta rasu tana da shekara 18. Mai gogen yana farawa da tsirkiyoyinsa huɗu a sake, kamar mai gwada saiti. Can kusa da ƙarshe sai wata tsohuwar waƙar coci da Bach ya tsara ta ɓullo a bakin masu kilarinet, kuma sautuka huɗun farkonta su ne huɗun ƙarshe na layin Berg. Webern kuma, ɗaya ɗalibin, Six Bagatelles ɗinsa guda shida duka ba su wuce minti huɗu ba, ka iya jin su sau biyar kafin shayi ya huce.

Na Penderecki, wato Threnody to the Victims of Hiroshima, goguna 52 ɗin su ne ƙanana 24, matsakaita 10, manya 10, sai na tsaye 8. A nan babu kari ko kaɗan, kuma a wurare da yawa da daƙiƙa aka auna lokaci a takardar. An umarci makaɗan su ja sauti mafi tsini da gogen zai iya, su goga bayan jakin da ke ɗauke da tsirkiya, su ƙwanƙwasa jikin katakon. Abin da za ka bi shi ne faɗi da kauri: layi siriri ya buɗe ya zama bango, bangon ya tsuke ya koma zare. Nemi bidiyon YouTube mai nuna takardar tana tafiya da kiɗan, za ka ga baƙaƙen layuka suna kumbura daidai yadda kake ji, ko ba ka iya karatun kiɗa ba. Sunan farko da ya ba shi tsawon lokacinsa ne kawai, 8'37", daga baya ya sadaukar da shi ga mutanen Hiroshima. Wannan ya sa ni ba na matsa wa kowa sai ya ga bam a ciki.

Injiniya na Pantami

Ƙari kaɗan a ɓangaren na gwaji, tunda ba a taɓo shi ba. Littattafai sukan fara da Pierre Schaeffer, wanda ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a Faris a 1948 ya yanka ya harhaɗa. Amma Halim El-Dabh, Bamisire, ya riga shi da shekara huɗu. A 1944 a Alƙahira ya naɗi muryoyin mata a wurin bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, a na'urar da ke naɗa a kan siririn ƙarfe, ya sarrafa su a situdiyon rediyo har kalmomin suka narke saura amon. Guntun da ake samu, Wire Recorder Piece, wajen minti biyu ne. A irin wannan, in ka gane mene ne ya yi ƙarar, ajiye sanin a gefe ka ji yadda ta fara, yadda ta tsaya, yadda ta mutu.

John Cage kuma, bar 4'33" tukuna. David Tudor ya fara gabatar da shi a 1952, ya zauna gaban piyano minti huɗu da daƙiƙa 33 bai kaɗa komai ba, kiɗan shi ne duk abin da zauren ya ji. Sauke shi a waya asarar data ce, zauna a ƙofar gida da agogo ka yi naka. Wanda ya cancanci MB ɗinka shi ne Sonatas and Interludes, 1946 zuwa 1948, guda 20. Ana cusa kusoshi da noti da roba tsakanin wayoyin sautuka 45 na piyano, kowanne a tazarar da ya auna ya rubuta, shirin kawai yana cin awa biyu zuwa uku. Piyanon sai ya koma kamar taron ƙwarya da shantu da ƙararrawa. Fara da sonata ta 5, gajeriya ce kuma tana da bugu.

Ɗan Bolari

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na sa iyafis na sake jin Ligeti, wallahi ga rijiyar nan Malam, har cikina ya amsa. Tafin kuma mun kai tsalle na uku muka watse. Sai dai na sauke sonata ta 5 ɗin kala biyu, sautinsu ya bambanta sosai. Wanne ne na gaskiya?

Injiniya na Pantami

Duka biyun. Cage ya auna tazarar ne a kan piyanon da yake aiki da shi, wani piyanon tsawon wayoyinsa daban, kusar wani ma ta fi ta wani kauri, don haka kowane makaɗi da irin amon da zai samu. Riƙe ɗaya ka ji shi har ka san inda kowace ƙara take, sannan ka koma ɗayan. In kana son wanda ya fi kusa da kunnen Cage, nemi naɗin makaɗiyar piyano Maro Ajemian, ita aka rubuta wa kiɗan. Tsohon naɗi ne mai shuu a bayansa, kada ka ce fayil ya sake lalacewa. Tsalle na uku kuma, ku rage sauri da rabi, kai mai riƙe layin farko ka daina kallon hannun abokinka.